Jinin Gida da Mutanen Gida: Zuriyar Malam Zaki da Barorinta a Katagum, tare da Waiwaye kan Gidajen Samurai na Japan

Tsakure

Takardar nan ta dubi gidan sarautar Katagum ta ɓangaren waɗanda ba a cika ambata ba, wato barori da fadawa da bayin sarki da cucanawa, tun daga zamanin Malam Zaki har zuwa komawar fada Azare. An auna tsarin da na gidajen mayaƙan Japan a zamanin Tokugawa (1603–1868). Abin da takardar ke ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, wanda ya fi kusa da samurai na gado a ƙasarmu bacucane ne, ko da yake barde mai sulke ido ya fi saurin kaiwa gare shi, kuma yadda ake gadon sarauta shi ya jawo haka.

Gabatarwa



In aka tambayi mutumin Azare tarihin masarautarsa, abin da zai fara zayyanowa shi ne jerin sarakuna goma sha biyu, tun daga Malam Zaki har zuwa Mai Martaba Alhaji Umar Faruk na biyu, wanda ya gaji mahaifinsa Alhaji Muhammadu Kabir Umar a watan Disamba na 2017. Da wannan jeri muke auna zamani, kuma ba abin raina wa ba ne. Amma a watan Janairu na 1824, da Bature mai yawon bincike Hugh Clapperton ya sauka a birnin Katagum a hannun Sarki Ɗankauwa, ya rubuta cewa ƙasar tana iya fitar da mahaya 4,000 da dakaru 20,000, masu baka da takobi da mashi. A ce baƙo ne an cika masa baki, a rage masa rabi. Abin da ya saura ma dubban mutane ne. Su wane ne? Wa ya ɗora su a kan dawakin? Da sarki ya rasu, wa suka koma bi? Jerin sarakuna ba ya amsa ko ɗaya, domin ba don su aka tsara shi ba.

Dalili ɗaya ya sa na ɗauko Japan: can an rubuta amsar irin waɗannan tambayoyi dalla-dalla. Kowane babban gida yana da kundin barorinsa, da sunan kowa, da matsayinsa, da yawan shinkafar da ake yanka masa a shekara. Gwamnatin Tokugawa da kanta ta sa an tattara asalin gidajen manyan mayaƙa a farkon shekarun 1640, ta sake sa aka yi wani mafi girma da aka kammala a 1812, daidai lokacin da Malam Zaki ke fafatawa da Barno. In aka jera nasu da namu, giɓin da ke cikin namu yakan fito fili.

Tuta ta riga jini

Malam Ibrahim Zaki, wanda littattafai ke kira Ibrahim Zakiyul Kalbi, malami ne ɗan malami daga Yayu kusa da Cinade. Ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, tsofaffin ƙasashen Tashena da Shira suka shiga hannun gidansa, ya kuma shiga Birnin Gazargamu, babban birnin Barno, bayan Gwani Muktar ya riga shi shiga, amma bai zauna ba. Ya dawo da laƙabin Sarkin Barno, ya kafa garin Katagum a bakin kogi, ya rasu a 1814.

Abin lura a nan shi ne, ranar da aka kafa gidan babu wata zuriyar sarauta da za a jingina da ita. Akwai tuta, akwai ilmi, akwai jama'ar da ta yarda ta bi: almajirai, Fulanin yankin, da mutanen garuruwan da aka ci. Daraja ta jini daga baya ta taru. Tokugawa Ieyasu ya fuskanci irin wannan matsala, ya warware ta ta wata hanya daban. An haife shi a gidan Matsudaira, ƙaramin gida a lardin Mikawa. A shekarun 1560 ya ɗauki sunan Tokugawa, ya kuma jingina asalinsa ga tsohuwar zuriyar Minamoto, wadda ta kafa mulkin soja na farko a ƙasar. Shi asali ya nema don ya halatta iko. Malam Zaki bai bukaci haka ba, tuta ta wadatar.

Laƙabin Sarkin Barno kuwa yana da nauyin da bai kamata a wuce shi da sauri ba. Gida ne da ke ɗauke da sunan ƙasar da ba ta hannunsa, yana zaune a bakin iyakarta. Irin wannan gida ba ya kwance sirdi. A 1826 Shehu Laminu na Barno ya taso da runduna ya ratsa ƙasar, sai da Yakubun Bauchi ya tare shi a Fake. A shekarun 1850 Buharin Haɗeja ya hana maƙwabta barci, Katagum na cikinsu. A 1893 Rabe ya ci Barno, gabas ta sake zama abin tsoro. Ga masarauta irin wannan, yawan mutanen da za su hau doki in an buga tambari shi ne bambanci tsakanin zama da gudu.

Magaji ɗaya, magada da yawa

A nan ne tsarin biyu suka rabu, kuma daga wannan rabuwa sauran bambance-bambancen suka tsiro.

A Japan ta Tokugawa, gida abu ne guda da ba a raba shi. Suna, tambarin gida, ƙasa da barori duk sukan koma hannun magaji ɗaya, galibi babban ɗa. Ƙannensa ko dai su zauna a ƙarƙashinsa, ko a ba da su ga wani gidan da ba shi da ɗa namiji. Ɗaukar magaji daga waje ba abin kunya ba ne. Uesugi Yozan, wanda ya zama ubangijin Yonezawa a 1767 kuma ake yabon sa da gyaran tattalin ƙasarsa, ɗan gidan Akizuki ne aka ɗauko shi ya gaji sunan Uesugi. Kafin 1651, gidan da ubangijinsa ya mutu ba tare da magajin da hukuma ta sani ba, rushe shi ake yi, barorinsa su watse su zama ronin, mayaƙa marasa ubangida. Saboda haka abin da ya dami bara na Japan shi ne gidan ya ɗore. Wanda ke zaune a kan kujerar yana zuwa na biyu. Har ta kai dattawan barori sukan haɗa kai su tsare ubangidan da ya lalace a ɗaki, su tilasta masa murabus, su ɗora wani, kuma ana ɗaukar wannan a matsayin hidima ga gida.

A Katagum shari'a ta toshe wannan hanya tun daga tushe. Ba a jingina mutum ga wanda ba mahaifinsa ba, don haka babu zancen ɗauko magaji daga wani gida. A ɗaya ɓangaren kuma ƙofar ta buɗe da faɗi: duk ɗan sarki yana da damar sa rai, ɗan matar aure da ɗan ƙwarƙwara ɗaya suke a wajen nasaba, kuma 'yan'uwan marigayi ba a cire su ba. Masu zaɓen sarki su zaɓa, Sakkwato ta tabbatar ta hannun Waziri, wanda shi ne ƙofar masarautun gabas. Jerin ƙarni na 19 da kansa ya nuna sarautar tana tafiya a kaikaice. A 1814 ɗan'uwan Malam Zaki ne ya gaje shi, Liman Adandaya. A 1816 Ɗankauwa ya hau, ya yi shekara 30. A 1846 Abdurrahman, a 1851 Abdulƙadir, a 1868 Muhammadu Haji wanda ya kai 1896. Tun daga tsakiyar ƙarnin ne sarautar ta zauna a reshen Ɗankauwa. Miƙawar da muka gani daga uba zuwa ɗa a 1980 da 2017 kada ta ruɗe mu mu ɗauka haka abin yake tun fil azal.

Sakamakon wannan tsari a fili yake. Kowane ɗan sarki mai jin kansa ƙaramar fada ce, da zaurensa da bargarsa da mutanensa, kuma mutanen nan caca suke yi da rayuwarsu a kansa. In ya samu, sun samu. In ɗan'uwansa ya samu, sai haƙuri, ko a sake ubangida. Sarki kuwa yana zaune ne a tsakiyar 'yan'uwa waɗanda kowannensu ke da mahaya kuma kowannensu ya cancanci kujerar. Wa zai ba mabuɗin taska? Wa zai riƙe barga da bindigogi? Wa zai kwana a ƙofar ɗakinsa? Maƙwabta sun nuna cewa tsoron ba na banza ba ne. A Haɗeja Buhari da ɗan'uwansa Ahmadu suka yi ta kai ruwa rana kan sarauta har Sakkwato ta shiga, ba ta kuma ji daɗi ba. A Kano, Basasa ta 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukur da Yusufawa faɗa ne na 'ya'yan gida ɗaya, jikokin Sarki Ibrahim Dabo. Amsar da sarakunan daular suka samo ita ce, a damƙa amana ga mutumin da ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai zama sarki ba.

Bara

Kafin in zo ga wannan mutum, sai na tsaya a kan bara, domin shi ne mafi yawa a cikin mahayan da Clapperton ya ƙiyasta.

Bara ɗa ne, ba bawa ba. Da ƙafarsa yake zuwa, ko mahaifinsa ya kawo shi ya ce ga yaronka. Babu takarda, babu rantsuwa a gaban shaidu. Yakan fara da zaman zaure da aike, ya riƙe linzami in ubangida zai hau, ya yi rakiya, ya shiga noman gandu da damina. Ubangida kuma ya ci da shi, ya ɗinka masa riga da salla, in ya isa aure ya yi masa, ya ba shi wurin zama. Ranar da ta fi kowace rana a rayuwarsa ita ce ranar da aka ja doki daga barga aka ce nasa ne, da sirdi da likkafa da linzami. Dokin na ubangida ne, amma daga ranar bara ya tashi daga mai tafiya a ƙasa ya shiga sahun barade, ya sami rabo mai tsoka a ganima bayan an fitar da humusi. In ya yi suna a fagen fama ana iya sa masa sulke da kwalkwali, ko a ba shi lifidi, wato rigar auduga mai kauri da ake lulluɓe doki da mahayi don kibiya. Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya nuna yadda doki ya zama ginshiƙin soja bayan shekarun farko na jihadi, lokacin da maharba a ƙasa suka fi yawa. Wanda ke iya sayen dawaki ya raba shi ne mai mutane.

Wannan musaya ta alheri da hidima Japanawa sun san ta tun zamanin Kamakura, ƙarni na 12 da na 13: ubangida ya tabbatar wa bara da ƙasarsa, bara ya zo da doki da makami in an kira. Bahaushe ya taƙaita nasa da cewa kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Inda suka bambanta shi ne wa'adi. A ƙarƙashin Tokugawa barantaka ta zama gado. Ɗa ya gaji matsayin uba da albashinsa, jika ya gaji na ɗa, shekara 200 da ɗoriya. Barantakar Hausa igiya ce tsakanin mutum biyu. Mutuwar ɗaya tana kwance ta, ɓacin rai ma yana kwance ta. Baran da ya ga ubangidansa ya yi rowa, ko tauraronsa ya dushe, yana iya naɗe tabarmarsa ya koma wani zaure, kuma duk da za a yi masa tsegumi, babu alƙalin da zai dawo da shi. Sau da yawa ɗan bara yakan bi ɗan ubangidan mahaifinsa, amma sabon ƙulli ne, ba tilas ba. Shi ya sa nake ganin masu kwatanta barde da samurai kayan jiki ne suka ɗauke musu hankali. Takobi da sulke da doki sun yi kama. Zaman da ke ƙarƙashinsu bai yi ba.

Bacucane

Bacucane shi ne wanda aka haifa cikin bauta a gidan ubangijin iyayensa. A al'ada ba a kai shi kasuwa. In gidan sarki ne, tare da 'ya'yan sarki yake tashi, ya san kowane lungu na fada, ya san wa ke shiri da wa. Ba ya sake ubangida, kuma in sarki ya rasu ba ya cikin kayan da magada za su raba. Yana nan tare da fada, sabon sarki ya tarar da shi kamar yadda zai tarar da tambura. Sarki goma zamani goma, in ji masu magana, amma Shamaki na iya ganin zamani uku yana riƙe da barga.

Kano ce aka fi rubutu a kanta a wannan fanni, musamman aikin M. G. Smith da littafin Sean Stilwell na 2004 kan bayin sarki, kuma tsarinta ya isa abin dubawa ga masarautun gabas da ke ƙarƙashin ƙofa ɗaya da ita. A can, a ƙarni na 19, Shamaki da Ɗanrimi da Sallama su ne manyan bayin sarki. Suna kula da barga da gandaye da makamai, su ne hanyar isa ga sarki, suna da nasu gidaje da barori, har 'ya'ya a cikin barorin. Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, shi ya farfaɗo da waɗannan muƙamai na zamanin Haɓe bayan da tawaye ya dabaibaye shi a farkon mulkinsa. Sa'an Ɗankauwa ne, shekara ɗaya ma suka bar gado. Abin da ya kamata a jinjina shi ne, mutanen da suka yi jihadi suna sukar fadar Haɓe, cikin ƙasa da shekara 20 'ya'yansu da ƙannensu sun koma ga tsarinta. Ban ɗauki wannan a matsayin ci baya na ɗabi'a kawai ba, kamar yadda wasu ke yi. Matsalar magada da yawa ba ta tafi tare da sarakunan Haɓe ba, don haka maganinta ma ya dawo.

Yanzu a dubi yadda Tokugawa suka kasa manyan gidaje bayan yaƙin Sekigahara na 1600. Akwai dangi na jini, manyansu gidaje uku na Owari da Kii da Mito, waɗanda daga cikinsu ake iya ɗauko shogun, wato shugaban mulkin soja, in babban reshe ya yanke. Akwai tozama, manyan da suka miƙa wuya a lokacin yaƙin ko bayansa. Wasunsu sun fi kowa arziki, gidan Maeda na Kaga ya haura koku (ma'aunin shinkafa) miliyan ɗaya. Sannan akwai fudai, waɗanda iyaye da kakanninsu suka yi wa gidan hidima tun kafin ya zama wani abu. Majalisar dattawa mai tafiyar da mulki daga fudai ake cika ta. Dangi suna da girma amma a bisa ƙa'ida an nisanta su daga muƙaman gudanarwa, tozama suna da dukiya amma an bar su a waje. Ƙananan muƙamai kuma na hatamoto ne, barorin shogun na kai tsaye waɗanda rabonsu bai kai koku 10,000 ba. Hikimar ɗaya ce da ta fadar Hausa: mai jinin da zai iya neman kujera a girmama shi a ajiye shi gefe, mabuɗi a ba baran gado wanda darajarsa duka daga gidan take. A wannan ma'auni 'ya'yan sarki su ne dangi, manyan gidajen da suka zo da ƙarfinsu da sarakunan garuruwan da aka ci suna kusa da tozama, fudai kuwa cucanawa ne.

Kwatancin yana da iyaka, kuma iyakar ce ta bayyana dalilin da ya sa tarihinmu ya yi shiru. Samurai shi ne saman al'umma a doka. Shi ke da izinin ɗaura takubba biyu da amfani da sunan zuriya a bainar jama'a, musamman bayan da Hideyoshi, mai iko da Japan kafin Tokugawa, ya karɓe makamai daga hannun manoma a 1588. Bacucane kuwa yana iya fin hakimi faɗa a ji, talaka ya durƙusa masa, amma a shari'a bawa ne. Jikan samurai yana adana takardar asalinsa yana alfahari da ita. Jikan babban bawan sarki yana da dalilin da zai sa ya yi shiru, musamman ranar da ya je neman aure. Kundin da Japanawa suka rubuta, mu ba mu rubuta ba. Wanda ke cikin ka kuma, masu shi da yawa ba sa son a buɗe.

Akwai kuma ɓangaren mata, wanda ke rikita duk wani layi da aka ja tsakanin jinin gida da mutanen gida. Ƙwarƙwarar da ta haifa wa sarki ɗa, ɗanta ɗa ne cikakke kuma yana iya hawa gado. In ya hau, dangin mahaifiyarsa da waɗanda suka yi renonsa suna cikin bayin fada. Jakadiya da ke kai saƙo tsakanin cikin gida da waje ta san abin da Waziri bai sani ba. Bishiyar asali da muke zanawa ta maza ce zalla, daga uba zuwa ɗa, don haka rabin dalilan da suka sa wane ya samu wane ya rasa ba sa fitowa a cikinta.

Daga ganima zuwa albashi

Tokugawa sun tara mafi yawan samurai a garuruwan da ke gindin ganuwar iyayen gidansu, suka raba su da gonaki, suka mai da su masu karɓar shinkafa daga rumbun gida. Koku ɗaya kimanin lita 180 ne, abin da ake ɗauka zai ci da mutum ɗaya shekara. Tun da komai a rubuce yake, rushe shi ma da alƙalami aka yi. A 1871 gwamnatin Meiji, wadda ta gaji Tokugawa, ta soke ƙasashen iyayen gida. A 1876 ta hana ɗaura takobi, ta mai da albashin gado takardun bashi na gwamnati. A 1877 Saigo Takamori ya jagoranci tawayen Satsuma, sojan da aka ɗebo daga 'ya'yan talakawa suka murƙushe shi.

A daular Sakkwato ma manyan masu sarauta a birni suke zama kusa da sarki, garuruwansu a warwatse, jakadu ke zuwa karɓo haraji su ci nasu rabo a hanya. Jakadan nan bara ne ko bawa, kuma da wannan kai-komo yake ci da iyalinsa. Bayan 1903 Turawa suka tattara garuruwa suka yi gundumomi, suka tura hakimai su zauna a cikinsu, aikin jakada ya mutu. Suka kafa baitulmali, sarki da hakimi suka koma masu albashi. Dokarsu ta ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, a 1936 kuma aka soke bautar gaba ɗaya. Yaƙi ya ƙare, ganima ta ƙare. Mai albashi ba ya iya riƙe mahaya ɗari. Babu wanda ya ba baran Katagum takardar sallama ko diyya kamar yadda aka ba samurai, babu kuma wanda ya yi tawaye; abin zubewa ya yi a hankali. Wasu dogarai suka zama 'yan doka na En'e, wasu barori suka bi hakimai gunduma suka zama masu unguwa da malaman haraji, da yawa suka koma gona da kasuwa.

Katagum tana da wani abu da Kano ba ta da shi, wanda ya kamata masu bincike su yi amfani da shi. A cikin shekarun 1910 fada ta tashi daga tsohon birnin ta koma Azare, a 1926 kuma aka cire ƙasar daga lardin Kano aka haɗa ta da lardin Bauchi. Yau tsohon garin Katagum shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki, ƙaramar hukumar da ke ɗauke da sunan Katagum kuma Azare ce hedikwatarta. Ƙaurar fada tankaɗe ce. Wanda rayuwarsa ke ɗaure da jikin fada dole ya bi. Wanda ke da gona da dangi da abin yi a tsohon gari yana da zaɓi. In aka bi gidajen da suka taso tare da sarki, aka kuma bi waɗanda suka tsaya, za a iya gane wa ke bin gida wa ke bin mutum, ba tare da an tambayi kowa matsayin kakansa ba.

Sarautun da suka rage kuwa sun sauya alkibla. Marigayi Alhaji Sule Katagum, Wazirin Katagum, ya shugabanci hukumar ɗaukar ma'aikata ta tarayya. Marigayi Alhaji Aminu Saleh, Wamban Katagum, ya yi Sakataren Gwamnatin Tarayya, haka ma Alhaji Yayale Ahmed, Ajiyan Katagum. Waɗannan mutane ne da suka yi suna a aikin gwamnati, rawani ya zo ya tabbatar da abin da ƙasa ta riga ta sani. A da sarki ke ba da doki. Yau mai sarauta shi ke zuwa hawan salla da dawakinsa da yaransa. Waɗanda har yanzu abincinsu da sunansu ke fitowa daga fada kai tsaye su ne masu jajayen riguna da kore, da zagage, da masu tambari da kakaki, waɗanda ke amsa gaisuwa da cewa Sarki ya gaishe ka.

Wajen waɗannan ne asalin mutanen gida yake. Victor Low ya nuna a littafinsa na 1972 kan Gombe da Katagum da Haɗeja cewa tarihin baka na wannan yanki yana iya ɗaukar nauyin bincike mai tsanani, amma dattawan da aka yi hira da su a wancan lokaci sun tafi, kuma tambayar da ta fi ɗaukar hankalin masana a lokacin ta sarakuna da manyan masu sarauta ce. Abin da ya rage yana cikin kirarin da maroƙa ke yi wa kowace sarauta, da tsarin wanda ke gaba da wanda ke baya a jerin hawa, da sunayen zauruka, da bakin tsofaffin matan cikin gida, waɗanda mace mai bincike ce kawai za ta iya zama da su. Yadda aka yi tambayar shi zai sa a samu ko a rasa. Wanda ya shiga gidan Sarkin Dogarai ya tambayi ko kakansu bawa ne, za a ba shi ruwa a raka shi ƙofa. Wanda ya tambayi wa ya riƙe sandar kafin mahaifinka, wane sarki ne ya naɗa shi, daga wane gari aka zo da shi Azare, zai cika littafi kafin la'asar.